Kawu Sotvoldi da Butar Wanke Hannu

Jama'a a gyara zama, a ajiye kofin shayi, mai tari ya haɗiye tarinsa! Ga Sotvoldi ɗan Ergash, gwarzon wutsiyar lambatu, wanda ya tsufa a kan tarakta bai taɓa take kazar kowa ba sai ta gidansa! Sarkin buta, wazirin daro, mai tawul a kafaɗa! Yayan bishiya, uban gidan karnukan unguwa, wanda ya wanke hannun ƙauye uku a rani ɗaya!

Wannan kirari ni na tsara shi, Mirjalol ɗan ƙanwarsa, kuma shi ne aiki na farko da na taɓa farawa na kai ƙarshensa. Makarantar koyon gyaran wuta a tsakiya na baro ta, wankin mota a Rasha kuwa tun ban gama sanin sunan titinmu ba na dawo. In kun ji labarin ya karkace, kun san hannun da ya riƙo shi.

Kawu Sotvoldi shi ne na huɗu a ɗakin Kaka Oynisa, amma shi ne na farko da ya zauna. Ukun da suka riga shi duk a zanin goyo suka koma. Da aka haife shi sai Kaka ta miƙa shi ta taga ga maƙwabciyarta, ta zagayo ta ƙofa ta saye shi da faifan dusa, don mutuwa ta ɗauka ɗan wani gida ne ta wuce. Sunan nasa ke nan, sayayye. Har yau in aka yabe shi a kan wani abu sai ya ce, "Ku bar zuzuta ni. Da dusa aka saye ni, kuma mahaifiyata aka cuta a cinikin."

A shekarar ne Kaka ta dasa bishiyar tut a ƙofar gida. Ba irin tut ɗin gefen gona ba ce da ake aske wa kai ƙwal duk shekara a ciyar da tsutsar siliki da ganyen. Wannan ta ci ce, 'ya'yanta farare, ba ƙwallo, zaƙi kamar an tsoma su a zuma. In sun nuna, mutum huɗu su kama kusurwar zanin gado, ɗaya ya hau ya girgiza, duk mai wucewa ya miƙo hannu. A garinmu ba a neman izinin cin tut. Kawu ya girma a ƙarƙashinta, ya tafi soja ya dawo ya same ta, ya yi aure aka shimfiɗa wa baƙi a inuwarta, a nan kuma aka ajiye makarar Kaka kafin a ɗauka.

Shekara uku da suka wuce aka zo faɗaɗa hanya, bishiyar ta faɗo cikin awo. Kawu bai yi rigima ba, ba halinsa ba ne. Ya dai yanko 'yan rassa kafin zarto ya iso, ya aura su a jikin ƙananan tut na jeji a ƙarshen gonarsa. Duk suka bushe sai guda. Ita ce ya sa wa suna Auta.

"Ƙanwata ce," in ji shi. "Uwarmu ɗaya. Ita ce ma ta ɗauko hankalin gidan."

To, bana sai rani ya zo da fushi. Dutse bai tara ƙanƙarar kirki ba a lokacin sanyi, saboda haka ruwan lambatu ya taho a rame. Gonar Kawu kuwa ita ce ta ƙarshe a kan lambatun, kafin ruwa ya iso ta ya bi ta hannun kowa. Da cilla ta kama, wato kwanakin tsakiyar zafi da ko jaki ba ya yarda ya bar inuwa, abin da yake isowa bai fi a jiƙa goshi ba, daga baya ma ya daina zuwa. Tsofaffin tut na gefen gona ko a jikinsu, saiwarsu ta yi nisa, suna tsaye da askakkun kawunansu kamar dattawa a layin aski. Auta ce abin ji. Kaurinta bai wuce sandar makiyayi ba, saiwarta duk a sama. In ta mutu kuwa shi ke nan, babu wani reshe na bishiyar Kaka a ko'ina a duniya da za a sake yankowa.

Kawu ya yi duk abin da ake yi. Ya haƙa mata kwari a gindi, ya lulluɓe da ciyawar alkama da tsohuwar audugar bargo, ya shafa mata farar ƙasa a jiki kada rana ta ƙona ɓawon, ya kafa sanduna ya ɗaura tsohon mayafin tebur ya yi mata rumfa. Ya binne tulu mai ɗan huji a gefenta don ruwa ya riƙa tsatsa a hankali. Komai ya kammala, abin da za a zuba a tulun ne babu.

Ya je wurin Mamasoli sarkin ruwa, ya same shi a bakin madatsa da galma a kafaɗa.

"Mamasoli, ka sako mini ko da na alwala ne."

"Sotvoldi-aka, babban yaya, ku yi haƙuri. Auduga ce a gaba. Bayan auduga masara, bayan masara albasa."

"Bayan albasa fa?"

"Bayan albasa ruwa ya ƙare."

"To ka ɗauke ta a auduga mana. Ita ma fari take haifa."

"In ta haifi abin da za a kai ma'auni, ku zo mu yi magana."

A gida kuma famfo tari biyu yake yi da safe ya yi shiru, abin da ya tofo kuwa yana hannun matarsa, Inna Hosiyat: na sha, na girki, na saniya. Kawu ya yafe butar shayinsa ta biyu ya kai wa Auta. Ya rage wanka, har sai da Inna ta ce masa ko dai ya koma wanka ko ya koma kwana wurin ƙanwar tasa.

Ana haka aka gayyace shi osh ɗin safe a gidan wani mai kaciyar ɗa. A wurinmu ba biki, ba suna, ba sadakar mamaci sai da osh, dafa-dukar shinkafa da karas da naman rago, maza ɗari biyu ko uku su zo bayan asuba su ci da hannu su tashi. A bakin ƙofa ana tsayar da yaro da buta da daro da tawul a kafaɗa, ya zuba wa kowa sau uku. Aikin wanda gemu bai fito wa ba ne. Kawu yana cikin layi sai ya ga daron ya cika, yaron ya ɗauka ya watsa a kan hanya. Ƙasa ta yi cuu ta shanye. Ya ce a ranar ji ya yi kamar jininsa aka watsar.

Washegari akwai wani osh ɗin a unguwar masaƙa. Kawu ya riga kowa zuwa, da jarka biyu ɗaure a keke. Ya karɓe butar daga hannun yaron, ya saɓa tawul, ya tsaya a ƙofa da farin gemunsa.

Na farko a layi wani saurayi ne tela. Yana ɗago kai ya ga mai riƙe da buta, ya yi tsalle baya kamar ya taka garwashi.

"Subhanallahi! Sotvoldi-aka, ku ne za ku zuba mini? Ni?"

"Miƙo hannu."

"Wallahi in babana ya ji, sai ya tsine mini. Ku kawo butar."

"Babanka yana bayanka a layi, shi ma yanzu zai miƙo. Saki!"

Tela ya ja, Kawu ya ja, rabin butar ya tafi ƙasa. Kawu ya yi wata ƙara da ta sa mai gidan ya fito a guje, ya ɗauka tukunya ce ta kife. Daga nan ba wanda ya ƙara jayayya. Samari suka riƙa miƙo hannu kai a sunkuye, ɗaya hannun a ƙirji, suna neman gafara kamar masu laifi. Sa'o'insa kuwa abin nema ya samu.

"Sotvoldi, ƙuruciya ce ta dawo, ko girman ne ya yi maka nauyi ka ajiye?"

"Wane girma gare ni? Faifan dusa ne. Juyo bayan hannun, akwai ƙura."

Nan ne fa dabarar take. Ruwan na mai gida ne, daron na Kawu. Sau ukun da aka saba ya koma biyar, ya koma shida. Sai ya duba farcen mutum ya girgiza kai ya ƙara tsiyaya. Tun da aka kafa ƙauyenmu ba a taɓa cin abinci da hannu mai tsabta irin na bana ba. Ni kaina sai da na ga ainihin launin tafin hannuna, na sha mamaki.

Auta ta ɗan farfaɗo. Kawu ya zama ba ya jiran gayyata. Mu 'yan zaman rumfar shayi, da ba mu da aikin fari balle na baƙi, muka zama masu kai masa rahoto: gobe aure a ƙauyen gaba, jibi wane ya dawo daga Makka. Wata rana ma ya tsaya a bakin rumfar yana tambaya, da murya ƙasa-ƙasa, wai yaya jikin tsohon nan mai gyaran takalmi, an ce ya yi nauyi? Da ya ji abin da bakinsa ya faɗa sai ya yi istigfari ya tura kekensa.

Inna Hosiyat kuwa ta kai wuya. Ta tare shi yana sauke jarka.

"Baban yara, jiya matar liman ta ja ni gefe, wai ko kanku lafiya."

"Me kika ce mata?"

"Na ce yadda na same shi haka yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Ku da jikoki, ku tsaya a ƙofar mutane da tawul! Surukanmu sun gan ku ranar Laraba."

"Sun gan ni, na kuma wanke su tas."

"In ruwa kuke nema, ai a bayan tukunya..."

"Dakata, uwar yara, ba ki gane ba. Bari in yi miki bayani."

Ya zaunar da ita ya yi mata bayanin yadda saiwa take sha, da yatsunsa yana kwatantawa. Inna ta saurara har ya kai aya, ta tashi ta tafi tatsar saniya.

Sai iskar zafi ta taso, irin wadda take fitowa kamar daga bakin tanderu, ta yi kwanaki ba ta kwanta ba. Ganyen Auta ya naɗe kamar sigari. Jarka biyu suka daina isa, kafin azahar tulun ya bushe ƙayau. Kawu ya zauna ya yi lissafi irin nasa: mutum sau biyu yake wanke hannu a wurin osh, kafin ci da bayan ci. Shi kuwa na farkon kawai yake kwashewa, ya bar na biyun wa yara. Ashe rabin arzikin yake bari a baya.

Na biyun dai kowa ya san yadda yake. Kitsen jelar rago ne da man auduga suke yawo a kai, ga ƙwayar shinkafa, ga kumfar sabulu. Kawu ya leƙa daron, sannan ya ba kansa fatawa: "Kitsen nan shi ya gina duk mutanen garin nan. Dubi wuyan Mamasoli. Abin da ya gina mutum ba zai rushe bishiya ba." Ya ɗura. Kwana da kwanaki yana ɗurawa.

Wata safiya ya tura keke zuwa gona, tun daga nesa ya ga rumfar mayafin a ƙasa. Da ya matso sai ga karnuka uku kwance a gindin Auta, hancinsu duk laka, suna lumshe ido kamar baƙin da suka ci suka ƙoshi. Sun tone ciyawar, sun yaga audugar, sun fasa tulun sun lashe cikinsa. Sun yi rami har gwiwa suna bin ƙanshin rago. Ɗaya ma da ya gan shi sai ya kaɗa jela, ya gane mai ɗawainiya da su.

Bai ko kore su da ƙarfi ba. Ya durƙusa a bakin ramin. Saiwoyin suna waje, farare sirara, wasu a tsinke, ƙasar da ta rage a jikinsu ta yi danƙo tana wari, tururuwa ta yi baƙi a kai. Auta ta karkata gefe guda, ganyen da ya saura ya yi laushi kamar tsumma. Ya kwance ƙyallen ɗamararsa ya lulluɓe saiwoyin da shi, ya tallafe bishiyar da kafaɗa ya miƙar da ita. Ya daɗe a haka. Ya ce ba abin da ya riƙa gani sai hannun Kaka yana danna ƙasa a gindin uwar bishiyar, abin da bai ma taɓa gani da idonsa ba, don a lokacin yana cikin zani.

Ya yanke shawara ya ajiye aikin. Butar da tawul ɗin na unguwa ne, suna cikin kayan biki da Usta Tursunali mai dafa osh yake kula da su. Washegari Kawu ya tafi mayarwa tun kafin baƙi su fara zuwa. Bai tsaya a ƙofa ba, ya zagaya bayan gida inda ake kafa tukunya. Shekara sittin da wani abu yana cin osh, amma ta ƙofa yake shiga ta ƙofa yake fita, bai taɓa ganin wurin da sassafe ba.

Yana shan kwana ya yi karo da ruwa. Almajiran girkin Usta su biyu sun kamo wani bahon da za a iya yi wa maraƙi wanka a ciki, sun tuntsurar da shi a ƙasa. Ruwa fari sol kamar madara ya malalo ya jiƙa wa Kawu takalmi. Ga wani bahon a baya yana jiran layi, ga wani. Gwarare har wanka suke yi a ciki.

"Usta," in ji Kawu, "wannan mene ne?"

"Ruwan wankin shinkafa mana, Sotvoldi-aka. Buhu biyu ne yau. Ni kuwa ba na sa shinkafa a tukunya sai ruwanta ya fito garau."

"Da gishiri a ciki?"

"Sai a jiƙon ƙarshe. Waɗannan ba komai, ko jariri ya sha."

"Kullum haka kake zubarwa?"

"Tun ina saurayi. Duk gidan da na yi girki, bayan mako sai ciyawa ta fito a wurin."

Kawu ya nemi gefen murhu ya zauna, butar a cinyarsa.

"Tursunali, rani guda ina tsaye a ƙofa ina tatsar yatsun mutane. Bango ɗaya ne tsakanina da kai. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kun tambaya? Ni na ɗauka lada kuke nema. Har ce wa yaran nan na yi, ku dubi bawan Allah, wataƙila wani abu ya gani a mafarki."

Kawu ya fara dariya, ya yi ta yi har hawaye suka bi gemunsa. Ya ce, "Ashe dusar ma an yi tsada."

Da ya koma gida da jarkoki cike, yana ɗokin ba da labarin abin da ya gano, Inna Hosiyat ko ɗagowa ba ta yi daga kwaɓin gurasarta ba.

"Bayan tukunya ko? Na fara faɗa muku, kuka ce in dakata za ku yi mini bayani."

"Me ya sa ba ki ƙarasa ba?"

"Bayanin ne ya yi daɗi."

A ranar ya kwashe ƙasar mai danƙo gaba ɗaya, ya ɗebo sabuwa daga gaɓar lambatu, ya gyara saiwoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya ya rufe. Ya sa wuƙa ya rage mata rassa, don ragowar saiwar ba za ta iya ciyar da su duka ba, har ta koma sanda tsirara mai ƙaho biyu. Ya kewaye ta da ƙaya saboda tsofaffin baƙinsa. Inna da kanta ta ba da tulun da take ajiye man shanu, ta ce aro ne. Daga nan kullum da sassafe ana ganin kekensa a bayan duk gidan da hayaƙin Usta yake tashi. Yara suka karɓi butarsu, aka koma sau uku, hannuwanmu suka koma yadda Allah ya halicce su.

Amma sandar ba ta ce komai ba. Mako ya wuce, wani ya bi. Kawu yakan kankare ɓawon kaɗan da farce ya ga ko akwai kore a ciki, ya rufe da laka, ya dawo gida. Ko zancen dusa ya daina. A rumfar shayi ma muka daina tsokanarsa, abin da ya fi mana wuya fiye da azumi.

Cilla ta fita, safiya ta fara sanyi, aka fara kawo kankana a amalanke. Ranar nan na ga Inna tana raba alewa wa yaran unguwa, na tambaya, ta nuna mini hanyar gona da haɓa. Na ruga. Na tarar da Kawu a tsugune, ya buɗe ƙayar, yana tsiyaya farin ruwa a tulu. A jikin ƙahon hagu, sama da wurin auren, ga wasu 'yan ganye uku sun ɓullo, ba su fi kunnen ɓera ba, kore shar.

Na ce yau ce ranar kirarina. Na haye tudun ƙasar da ke gefensa, na gyara hula, na buɗe murya yadda har masu cirar albasa sai da suka miƙe. Na kawo sarkin buta, na kawo wazirin daro, na kawo yayan bishiya da uban gidan karnuka, ban tsallake ko ɗaya ba. Na rufe da hannu a sama, ina haki, ina jiran abin da zai ce.

Kawu ya ƙarasa tsiyaye jarkar, ya girgiza ta, ya rufe bakin tulun da tsumma. Bai ɗago ba.

"Ka gama? To sauka, a kan saiwarta kake tsaye."